Malam Sodangi da Man da Na Zuba a Birki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Alhamis, goma sha biyar ga watan Agusta na 1968, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Sodangi Makaniki a gidansa da ke bayan tashar mota a Dutsin-Ma, bayan ya yi wata biyu yana fama da ciwon ƙirji. Ina tashar Kurfi ina loda motar Katsina, wani direba da ya taso daga Dutsin-Ma ya leƙo ta taga ya faɗa mani. Kafin in isa har an yi masa wanka. Aka yi salla bayan azahar, muka kai shi makwancinsa ana yayyafi.

Ni ne Atiku, wanda a da ake kira Atiku Direba, mai tuƙa motar Alhaji Lawal mai hatsi na Kurfi. Ni ba marubuci ba ne. A ajin yaƙi da jahilci na koyi bokon da nake rubutu da shi, ina da gemu. Amma akwai maganar da ta kamata in faɗa Malam Sodangi yana da rai, ban faɗa ba, don haka zan rubuta ta yadda ba zan iya janye ta ba.

Malam, a shekarar 1951 na fara saninka. Ka dawo daga Yaƙin Bama da 'yan shekaru, inda ka koyi gyaran mota a soja, ka kafa rumfarka a gindin maɗacin bakin tasha. A lokacin motocin da ke bin hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi har Katsina ba su fi a ƙirga su da yatsu ba, kuma dukansu ta hannunka suke bi. Kai ka zaunar da ni a bayan sitiyari. Kai ka raka ni Katsina ranar da zan karɓi lasin, ka tsaya a rana har aka gama gwada ni. Da na samu, kai ka kama hannuna har zauren Alhaji Lawal, ka ce masa, "Alhaji, ba shi motarka. Ƙafarsa tana jin abin da mota ke faɗi." Da wannan magana taka na ci abinci shekara shida, na yi aure, na gina ɗaki.

Duk direban da ya zauna a rumfarka ya san ba ka da faɗa a kan komai sai a kan birki. In mutum ya ɓata maka sifana sai ka yi dariya. In ya ƙone kuloci sai ka ce gobe ma rana ce. Amma ka ga an bar gwangwanin man birki a buɗe, sai fuskarka ta canza. Kana cewa, "In inji ya mutu, ku sauka ku tura. In birki ya mutu, ku za a ɗauka."

Kai ka koya mana cewa man birki ba ɗan'uwan man inji ba ne, ko da duk mai ake kiran su. Ka ce jan man nan da muke zubawa a manyan motocinmu, da man zurma ake haɗa shi, zurmar nan da ke fitowa a kangon gida, shi ya sa robobin da ke cikin tukunyar birki suke zaman lafiya da shi. Man inji kuwa daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, kuma robar nan ba ta jure shi. Ba ka tsaya a faɗa da baki ba. Wata rana ka samo robobi biyu sababbi, ka jefa ɗaya a gwangwanin jan mai, ɗaya a na man inji, ka rufe ka ajiye a ƙarƙashin benci. Bayan mako guda ka tara mu ka ciro su. Ta jan man tana nan yadda take. Ɗayar ta kumbura kamar waken da ya kwana a ruwa, ka matsa ta da yatsa biyu ta dagargaje. Ina wurin. Ni ka miƙa wa ita, ta narke mani a tafin hannu. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, don kada a ce jahilci ne ya sa ni abin da na yi daga baya.

Ka koya mana kuma cewa man birki yana shan ruwa daga iska ba tare da an gani ba. Da damina kakan toshe bakin gwangwaninka da kakin zuma. Da zarar ruwa ya ɗauke, sai ka bi mu ɗaya bayan ɗaya ka ce a zubar da tsohon mai a sa sabo, domin man da ya sha ruwa, in birki ya yi zafi a gangare, tafasa yake yi, mutum ya taka ya ji babu komai. Ranar canjin mai kai ne a ƙarƙashin mota da sifana kana fitar da iska daga bututu, direba yana sama. Sai a ji muryarka daga ƙasa, a hankali, ba gaggawa: "Taka. Riƙe. Saki." Taya huɗu, kowace sai ka gamsu. Ko da mai mota yana tsaye yana huci, ba ka ƙara sauri.

Kuma kana da wata al'ada da kowa ya san ka da ita. Mota ba ta barin rumfarka, ko da fitila aka zo gyarawa, sai ka buɗe tukunyar birki ka tsoma ɗan yatsa, ka murza, ka kai hanci. Hancinka yana rarrabe man da ya tsufa da wanda ya sha ruwa da wanda aka gauraya. Na taɓa ganin ka cire wa wani attajirin Kano makulli ka sa a aljihu, motarsa cike da mutane, don ka shinshina ka ji kananzir. Ya zage ka, ya ce zai kai ka gaban alƙali. Ka ce ya je, amma da ƙafa. Da yamma da ka ciro masa robobin ya gani, ya nemi wuri a bencinka ya zauna. Ka sa matarka, Inna Saudatu, ta dafa wa fasinjojinsa tuwo su goma sha tara.

Wata damina kuma aka aiko maka cewa birkin wani direba ya zube a Dabawa, mutumin da ba ka taɓa gani ba. Ka ɗaura gwangwani a bayan keke ka tafi cikin ruwa, ka dawo rigarka tana ɗiga, kana tari. Da aka ce ka bari ya jira gobe mana, ka ce wanda ya gaji da jira shi ne yake zuba abin da ya samu.

Ni ne na zuba abin da na samu.

Cikin watan Nuwamba na 1957 ne, ana tsakiyar kakar gyaɗa. Na je Shema ɗaukar buhuna. Ina juya mota na ji birki ya yi laushi. Na duba, wani bututu yana tsatsafo, tukunya ta kusa ƙafewa. Na ɗaure bututun. Gwangwanina na man birki kuwa ya ƙare tun kwana uku, na yi ta cewa gobe zan karɓo. Abin da ke cikin mota galan ne na man inji. Na tsaya ina kallon sa. Na ce a raina rabin kofi ne kawai, ya kai ni Dutsin-Ma, ina isa in faɗa wa Malam a wanke. Na zuba. Na taka, birki ya kama kamar ba a yi komai ba.

Da na iso ban faɗa maka ba. Na san in na faɗa, mota za ta kwana uku a rumfarka kafin a kawo sababbin robobi daga Kano, ga gyaɗa jibge a ƙauyuka, ga masu neman kujerata a ƙofar Alhaji. Abin da ya fi wannan kuma, kunya. Ni ne wanda kake nuna wa sababbin direbobi ka ce su yi koyi da ni. Washegari birki yana ci. Jibi yana ci. Sai na fara gaya wa kaina cewa wataƙila rabin kofi bai kai ya yi ɓarna ba.

Ranar Juma'a na kawo maka motar don ganyen sifirin ya karye. Ka gyara, ka wanke hannu da toka da sabulu, ka shiga gida ka sako farar rigarka, don ladan ya riga ya yi kiran farko. Ka fito za ka wuce, sai ka tsaya a jikin motar, ka ɗora hannu a kan murfin tukunyar. Ina tsaye a bayanka. Ka dubi hannun rigarka, ka dube ni.

"Atiku, ba abin da ya shiga tukunyar nan ban da wanda na zuba?"

"Babu, Malam."

"To, na yarda da bakinka. Mu tafi kada mu rasa sahu."

Muka tafi masallaci tare. Na yi salla a gefenka.

Bayan kwana huɗu, ranar Talata da safe, na yi lodin gyaɗa zan wuce Kurfi, da fasinja tara a saman buhuna. Sai ga ka tafe da yayarka, Gwaggo Turai, wadda ta raine ka tun mahaifiyarku ta rasu kana ɗan shekara uku. Za ta je sunan jikarta a Kurfi. Akwai wata motar a gabana da ta kusa tashi, amma ka ce a'a, ta shiga ta Atiku, wannan na san birkinta. Ka buɗe mata ƙofar gaba da kanka, ka miƙa mata ƙwaryarta, ka ce mani, "Ka bi da ita a hankali, ba ta son gudu."

Ban yi gudu ba, Allah shaida ne. Kafin a kai Birchi akwai gangaren da ke sauka zuwa rafi, da kwana a ƙasansa. Na taka birki a saman gangaren, ƙafata ta wuce har ƙasa. Na sake takawa, na sake, kamar mai taka auduga. Na nemi ƙaramar giya, ta ƙi shiga. Na ja birkin hannu, nauyin gyaɗa ya fi ƙarfinsa. Gwaggo Turai ta dube ni, ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Atiku, lafiya?" Na ce, "Gwaggo, yi salati." Ta fara, ban sani ba ko ta ƙarasa.

Mutum uku suka rasu. Gwaggo Turai, da Manu mai gishiri na Dabawa, da wata mata mutuniyar Birchi mai suna Rahmatu, wadda saura tafiya kaɗan ta sauka a ƙofar gidanta. Ni na karye a cinya, aka kai ni asibiti Katsina.

Ina kwance aka turo mai binciken motoci. An gaya mani a gaban jama'a ya kwance tukunyar ya ciro robobin, sun kumbura sun yage. Ya tambaya wa ya duba motar nan a ƙarshe. Kwana biyu da binne yayarka, ka matso ka ce, "Ni ne. Ni na duba ta ranar Juma'a, ni na ce ta tashi." Ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Da ya zo gadona ya tambaye ni ko na taɓa zuba wani abu a ciki, na juya fuska bango na ce kaina ya bugu, ban tuna komai ba.

Ba a ɗaure ka ba, an ce kuskure ne. Amma aka hana ka taɓa birkin mota shekara uku. Hukuncin gari ya fi wannan tsawo. Mutanen da suka ci tuwon gidanka suka riƙa cewa mai wa'azin man birki shi ne ya kashe yayarsa da man inji. Motoci suka koma Katsina gyara. Ka koma liƙin tayar keke da gyaran injin niƙa. Dangin Gwaggo Turai na Kurfi suka daina taka gidanka. Ɗanka Rabe ya sha dawowa gida da baki a fashe saboda abin da ake faɗa masa. Duk wannan ina gani.

Abin da ka yi bayan nan shi ne ya fi hana ni sakat. An hana ka gyara, ba a hana ka shinshinawa ba. Duk ranar kasuwa sai ka zo tasha tun da sassafe ka tsaya. Motar da ta tsaya sai ka yi wa direba sallama, ka ce ya ba ka izini ka buɗe tukunya. Wasu su bari, wasu su kore ka, wasu su yi dariya su ce Malam ya taɓu. Ba ka karɓar komai. Ka tsoma yatsa, ka murza, ka kai hanci, ka rufe, ka wuce ta gaba. Shekara ukun suka cika, aka mayar maka da izini, ba ka daina ba. Kuma tun daga ranar ba a sake ganin ka da farar riga ba, ko ranar Salla. Mutane suna cewa talauci ne. Ni kaɗai na san dalili.

Ni kuwa da ƙafata ta warke na koma tuƙi, ban yi shekara ba na ajiye. Ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya nake, sai in ji birki ya wuce ƙasa alhali yana nan daram, in tsaya gefen hanya gumi yana zuba. Na koma aikin lodi a tashar Kurfi. Har yau in na zauna tahiya sai in ji ƙafar damata tana danna tabarma da kanta. Da rana tsaka, cikin hayaniyar tasha, nakan ji muryarka tana fitowa daga ƙarƙashin motar da babu kowa a ƙarƙashinta: taka, riƙe, saki. In dole ta sa na bi ta gangaren Birchi, rufe ido nake yi, amma duk da haka ina ganin faifan ƙwaryar Gwaggo Turai yana gangarawa shi kaɗai zuwa rafi. Shi ne abu na ƙarshe da na gani kafin in suma.

A shekarun nan duk inda muka haɗu kai kake fara gaishe ni. Ka tambayi ƙafa, ka tambayi yara da sunayensu. Da aka haifi autata ka zo suna a kan keke daga Dutsin-Ma. Na so a ce ka tsane ni, da abin ya fi mani sauƙi.

A hankali sunanka ya fara dawowa. Bara wani ɗan kasuwa ya zo daga Maraɗi da wata sabuwar ƙaramar motar Faransa, man birkinta ya zube. Aka kawo jan mai za a zuba, ka hana. Ka shinshina abin da ya rage ka ce wannan kore ne, wani iri ne dabam, robobinta dominsa aka yi su, jan mai shi ne gubarta kamar yadda nata yake gubar namu. Ka sa ya kwana biyu a zaurenka har aka kawo nata daga Maraɗi. Mutane suka ce ashe Malam yana nan da saninsa. Amma ko a ranar na ji wani yana cewa da ya san haka tun da, da Turai tana nan.

Ranar Asabar, uku ga watan nan, na ji ciwo ya tsananta na zo duba ka da la'asar. Kana kwance a zaure a kan tabarma, ka rame har na kasa haɗa ido da kai. Da masu dubiya suka fita na matso na durƙusa.

Na ce, "Malam, shekarar nan ta gyaɗa, a Shema..."

Ka ce, "Man inji ne. Bai fi rabin kofi ba."

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun da mai binciken nan ya ciro robar na sa ta a hanci."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ka daɗe kana tari kafin ka amsa. "Kana kwance da karaya, ga 'ya'ya huɗu. Da ɗaure ka za a yi. Kuma abin da na faɗa masu ba ƙarya ba ne. Kai ka zuba, ni kuma na sa hannu a kan murfi na ɗauke don kada in ɓata riga. Kowa da nasa."

Na ce ka yafe mani. Ka ce, "Nawa na yafe tun kana asibiti. Na Yaya Turai da na Manu da na Rahmatu ba a hannuna yake ba. Na daɗe ina jiran ka zo, Atiku. Ba don ni ba."

Ba ka ce in faɗa wa kowa ba, ba ka kuma ce in yi shiru ba. Na fito na ɗauki alkawari tsakanina da Allah cewa ranar Juma'a zan miƙe a masallacin Dutsin-Ma bayan an sallame in faɗa, labari ya iske ka kana da rai. Juma'a ta zo, aka sallame, na dubi yawan mutane, na ci gaba da zama har aka watse. Na ce sai Juma'a ta sama. Ka rasu ranar Alhamis, saura kwana ɗaya. A makabarta, muna zuba maka ƙasa, wani dattijo a bayana ya ce a hankali, "Allah Ya yafe masa abin da ya faru a Birchi." Na amsa da amin tare da kowa.

To, ga shi na faɗa yanzu. Jama'ar Dutsin-Ma da na Kurfi, ni Atiku na zuba man inji a birkin motar da ta faɗi a Birchi. Na san illarsa. Malam Sodangi ya tambaye ni da bakinsa, na yi masa ƙarya a kan hanyar masallaci. Ya ɗauki kayana shekara goma sha ɗaya bai sauke a kan kowa ba, kuma Allah kaɗai Ya san yawan mutanen da suka isa gida lafiya saboda yatsan da ya riƙa tsomawa ana yi masa dariya.

Inna Saudatu, ina yi miki ta'aziyya, ina kuma neman gafararki a kan shekarun da kika yi kina sunkuyar da kai a gidan biki da gidan mutuwa. Ban cancanci ki amsa ba. Rabe da Dalhatu da ƙannenku mata, Allah Ya ba ku haƙuri. Rabe, duk wanda ya sake jifan ka da maganar nan, ka karanta masa wannan takarda, ka kwatanta masa gidana, yana bayan tashar Kurfi. Dangin Gwaggo Turai, da iyalan Manu a Dabawa, da 'ya'yan Rahmatu a Birchi, zan zo ƙofar kowannenku da ƙafata bayan addu'ar bakwai. Abin da kuka ga dama ku yi da ni, ko a gaban alƙali, ba zan musa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Sodangi. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka karɓi rufin asirin da ya yi wa wanda bai cancanta ba, Ka rufa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka haɗa shi da yayarsa Turai a Aljanna Firdausi, ta ji gaskiyar magana daga inda ba a ƙarya. Ka jiƙan Manu, Ka jiƙan Rahmatu, Ka jiƙan dukan Musulmin da suka riga mu. Ka tsare bayansa, Ka shirya zuriyarsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, kada Ka ɗauke mu da haƙƙin wani a wuyanmu.

Amin.